Darasi: Yaron da mussarsa ta mutu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, wani magidanci ya tare ni bayan sallar La'asar yana ƙarar ɗansa. Mussar yaron ta ci ɓeran da aka sa wa guba ta mutu, yaron ya kwana biyu yana kuka, uban kuwa ya kai masa mari, wai kukan dabba rashin imani ne. Na ce masa: Malam, kai ne ka yi kuskure.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, cewa yana da ƙane ana kiransa Abu Umair, mai wasa da wani ɗan tsuntsu. A wata ruwaya tsuntsun ya mutu, Annabi (SAW) ya tarar da yaron cikin baƙin ciki, sai ya kira shi da alkunyarsa, ya tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha. Bai tsawata masa ba. Shugaban halitta ya tsaya rarrashin yaro a kan tsuntsu, mu su wane ne da za mu ɗaga hannu? Hawaye rahama ne. Abin da shari'a ta hana shi ne kururuwa da fushi da hukuncin Allah.

Gawar kuwa mushe ce: ba wanka, ba likkafani, ba salla. A haƙa rami a binne ta, kada a jefa ta kan hanya ta cutar da maƙwabta.

Ɗauko wata halal ne. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa ta sha, ya faɗi cewa Annabi (SAW) ya bayyana ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da komo a gidajenmu. Don haka ruwan da ta sha mai tsarki ne, sai fa idan an ga najasa a bakinta. Sayenta da kuɗi malamai sun yi saɓani, saboda hanin da ya zo a hadisin Jabir cikin Muslim. Mafi yawansu sun halatta, amma karɓar kyauta ya fi kuɓuta. Labarin nan da ake yawan bayarwa na yanke hannun riga don kada a tashi kyanwa, ban same shi da isnadi ingantacce ba, kada a jingina shi ga Annabi (SAW).

Sai dai wanda ya ɗauko ta ya ɗauki amana. Mun san matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abincinta ba. Kada a raba jinjirar da uwarta tana cikin shan nono, kada a tilasta wa yaron karɓar sabuwa kafin zuciyarsa ta huce. Kuma na gaya wa magidancin nan ya fara kwashe gubar ɓeran daga bayan rumbu kafin ya kawo wata.