KWAMFUTAR KWANTAM: ABIN DA YA KAMATA KOWA YA SANI

Na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, tana lissafi ne da alamomi biyu rak, 0 da 1, kowace ana ce da ita bit. To, amma masana sun ƙago wata sabuwa, kwamfutar kwantam, wadda ke aiki bisa dokokin da ke tafiyar da ƙwayar zarra. Ita nata ma'aunin kubit ake ce da shi. Misalinsa kamar wuri ne da aka cilla sama: kafin ya faɗi, ba a kife yake ba, ba a buɗe ba, sai ya taɓa ƙasa yake zama ɗaya. Haka kubit ke riƙe 0 da 1 tare, har a auna shi.

Inda aka kai

Richard Feynman na Amurka ya kawo shawarar ƙera ta a 1981. A 2019 kamfanin Google ya ba da sanarwar cewa tasa, mai kubit 53, ta gama wani lissafi cikin daƙiƙa 200. A 2023 IBM ya fito da mai kubit 1,121. Duk da haka da sauran aiki, domin kubit ba ya jure zafi ko girgiza, yana da yawan kuskure, kuma irin na waɗannan kamfanoni sai an sanyaya shi zuwa kusan digiri 273 ƙasa da sifiri.

Ina ruwan talaka?

Ɗan kasuwar Sunkani da ke aika kuɗi Jalingo ta waya, lissafi ne ke tsare masa asirinsa. Ninka 13 sau 17 a sami 221 abu ne mai sauƙi, amma gano lambobin da aka ninka aka sami lamba mai alƙaluma fiye da 600 ya gagari kowace kwamfuta. A 1994 Peter Shor ya nuna cewa ƙasaitacciyar kwamfutar kwantam za ta iya. Ba a ƙera irinta ba tukuna, amma tun ran gini ran zane: a 2024 hukumar ma'aunai ta Amurka ta fitar da sababbin hanyoyin kulle asiri guda 3.

Saboda haka wajibi ne bankuna da ma'aikatun ƙasar nan su fara shirin sauya makullansu tun yanzu. Iyaye kuma su ƙarfafa wa 'ya'yansu gwiwa, maza da mata, wajen koyon lissafi da kimiyya, domin su ne za su riƙe waɗannan makullai gobe.