Ranar da Dare da Yini Suke Daidai

Littattafan labarin ƙasa da aka rubuta a Ingila suna cewa ran 21 ga Maris ne mafarin lokacin tsiro, sanyi ya wuce, itatuwa su yi toho. Malamin da ya karanta wa yara wannan a Kontagora, ga zufa tana zuba, ga ƙasa ta bushe ƙayau, to, ko su ɗauka littafi ƙarya yake yi, ko su haddace abin da idonsu bai gani ba. Don haka nake so mu 'yan'uwana masu koyon malanta mu rarrabe abin nan sosai.

Duniya a karkace take, da misalin digiri 23 da rabi, tana kuwa kewaya rana a haka. Sau biyu a shekara, watau wajen 20 ko 21 ga Maris da 22 ko 23 ga Satumba, rana takan tsaya daidai bisa Ikwaita, layin da ya raba duniya biyu. Ran nan dare da yini kusan sa'a 12 ne kowanne, ko'ina. Turawa sun fito daga watannin da yini bai kai sa'a 8 ba a Landan, dole su yi murna. Mutanen Iran a ran nan suke sabuwar shekararsu, Nauruz. Idin Ista ma daga nan ake lissafinsa: Lahadin da ta biyo bayan cikar wata, daga 21 ga Maris. Shi ya sa ya faɗo 31 ga Maris a 2024, amma 20 ga Afrilu a 2025.

Mu kuwa digiri 10 da 'yan kai kaɗai muke arewa da Ikwaita. Tsakanin yininmu mafi tsawo da mafi gajarta, sa'a ɗaya ce da 'yan mintoci, ba mai lura. Abin da Maris ke kawo mana bazara ce.

Amma kada a ce ba mu da sabuntar ƙasa. Dubi ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, tun ruwa bai sauka ba suke fid da sabon ganye. Mangwaro ya nuna. Manomi yana sassabe, yana kai taki, yana duban gabas. Sai shamuwa ta iso daga kudancin Afirka ta yi sheƙa a tsakiyar gari, ba mai jifanta, domin ita ce mai albishir da damina. Tsofaffi kuma suna lura da taurarin nan Kaza da 'Ya'yanta: in suka daina bayyana a yamma bayan almuru, shuka ta kusa. Gawo ne kaɗai ɗan gardama, sauran itatuwa na yin ganye shi yana kakkaɓe nasa. A ganina ilmin nan bai gaza na littafi ba, yaro ma ya fi saurin kama shi, tun da a gidansu ya ji.

Ga aikin da za a ba 'yan aji. A kafa sanda mai tsawon ƙafa 3 a fili, a tabbata ta miƙe sak. Ran 21 ga Maris a auna inuwarta da rana tsaka. A kula fa, rana tsaka a Kontagora ba ƙarfe 12 na agogo ba ne, sai wajen ɗaya saura kwata. Za a tarar inuwar ta nufi arewa, tsawonta kamar inci 6 da rabi. A riƙa aunawa kowane mako ana rubutawa a allo. Za ta yi ta raguwa, har wajen 17 ga Afrilu ta shige gindin sandar, daga nan ta juya kudu, ba za ta komo arewa ba sai ƙarshen Agusta. A gefen lissafin a bar wuri, yara su rubuta ranar da suka fara ganin shamuwa da ranar ruwan fari.