Shawarwari 8 Kan Dasa Zogale a Gidajenmu na Agege

Duk Bahaushen da ke zaune a Agege, Idi-Araba ko Mile 12 ya san marmarin kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ya kuma san yadda ganyen yake isowa daga Arewa a bushe ko a yamutse. Alhali bishiyar tana kamawa a tsakar gida, har ma a cikin buhu. Abu ɗaya za ku riƙe: a Kano ko Katsina ƙishirwa ke kashe dashe, a Legas kuwa yawan ruwa ne ajalinsa. Kusan duk shawarwarin nan a kan wannan suka tsaya.

1. Ku zaɓi lokaci. Daminar Legas tana ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ta fi tsanani a Yuni, sannan ta ɗan lafa a Agusta kafin ta dawo a Satumba da Oktoba. Ku dasa a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, ko kuma lokacin lafawar Agusta. Reshen da aka kafa ana tsakar ruwan Yuni yakan ruɓe tun bai yi saiwa ba.

2. Ku samo reshe mai ƙwari. A saro shi daga bishiyar da ta haura shekara, mai lafiyayyen ganye. Tsawonsa ya kai rabin mita zuwa mita 1, kaurinsa kamar santimita 4 zuwa 5. A yi amfani da adda mai kaifi don kada bakin ya tsage. Ku yi wa gindin alama, domin reshen da aka kafa kai a ƙasa ba ya yin kirki. Sai a jingine shi a inuwa kwana 2 zuwa 3, bakin saran ya bushe.

3. Ku haɗa ƙasar da ba ta riƙe ruwa. Kashi 2 na baƙar ƙasa, kashi 1 na yashi, kashi 1 na takin da ya ruɓe sosai. Mu mazauna Agege mun yi dace da mayankar Oko-Oba a kusa, kashin shanu bai yi mana wuya ba. Sai dai ɗanyen taki yana ƙona saiwa, don haka a tara shi gefe har ya yi baƙi, warinsa ya tafi. Idan tsakar gidan na kwantar da ruwa, ku tada ƙasar ta yi tudu kamar kunyar doya, ku dasa a samanta.

4. Ɗan haya ma yana da hanya. Inda aka malale tsakar gida da siminti, buhun shinkafa mai kilo 50 ko rabin durom ya wadatar. A huda gindinsa wurare da yawa, a ɗora kan bulo don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Ku fara neman izinin mai gidan, ku kuma sanar da maƙwabta, zaman lafiya ya fi ganye.

5. Ku kafa reshen da kyau. A binne kashi 1 cikin 3 na tsawonsa, a danne ƙasar kewaye da shi. Ban ruwa kaɗan-kaɗan, a gefe, kada ya taru a gindin. Kafin ku ƙara, ku tura yatsa cikin ƙasar. In da danshi, ku bari sai gobe. Cikin mako 2 zuwa 3 za ku ga toho. Zogalen reshe ba ya yin doguwar saiwar da ke nutsewa ƙasa, shi ya sa iskar hadari ke saurin kayar da shi. Ku kafa masa sanda, ku ɗaure da tsumma.

6. In da iri za ku fara, ku lallaɓa dashen. A shuka ƙwayar cikin baƙar leda, zurfin santimita 2. Tana tsirowa cikin mako 1 zuwa 2, ta isa dashe bayan mako 4 zuwa 6. A yi dashen da yamma, bayan la'asar. Kada a fizgo tsiron: a tsaga ledar da reza, a ɗauke shi da ƙasarsa gaba ɗaya, domin saiwarsa ba ta da ƙwari, in ta karye yakan daɗe bai farfaɗo ba.

7. Ku ba shi rana da sarari. Zogale ba ya son inuwa. A nisanta shi da kwata da ramin masai, tunda ganyen ci za a yi. Tsakanin tushe da tushe a bar mita 1. Lungun da ba ya rabuwa da danshi kuma ku bar wa shuwaka, wadda Yarabawa ke kira ewuro, ita ma da reshe ake dasa ta kuma ta fi jure laima.

8. Ku datse kai, ku tsare shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da ya kai mita 1, a tsinke kan don ya yi rassa, in ba haka ba zai miƙe ya wuce inda hannun uwargida ke kaiwa. A kewaye shi da raga saboda awaki, a riƙa tsince katantanwa da sassafe, a barbaɗa toka a gindin saboda gara.

Idan bishiyar ta cika shekara, rassan da kuka datse kada su tafi bola. Ku raba wa maƙwabta, Hausawa da Yarabawa, tare da bayanin yadda za su kare su daga ruwa.