Amsar Tambaya: Gasasshiyar Tuffa Mai Ƙarau-Ƙarau

Wata mai karatu daga Gumel ta rubuto tana tambayar yadda za ta gasa tuffa mai ɓawon fulawa a sama, irin wadda Turawan Amurka ke ci bayan abinci, alhali ba ta da tanderun lantarki.

Hajiya mai tambaya ta kwantar da hankalinta, tukunyar ƙarfe da yashi sun isa. Ta fere tuffa 4, ta yanka ƙanana, ta matsa musu lemon tsami don kada su yi baƙi, ta barbaɗa sukari cokali 2 da ɗan garin kirfa. A wani kwano ta haɗa fulawa kofi 1, sukari rabin kofi da man shanu mai sanyi cokali 5, ta murza da yatsu har ya yi tsaki-tsaki. Kada ta kwaɓa shi, nan ne mata da yawa ke ɓata aikin. Riɗin da ake kaiwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, in an soya shi sama-sama aka zuba a ciki, yana ƙara masa ƙamshi sosai.

Sai ta zuba tuffar a faranti, ta rufe ta da tsakin, ta ɗora kan yashin da ya yi zafi cikin tukunya, ta sa garwashi a kan murfin. Minti 40 ya isa saman ya yi ja.

Tuffa tana da tsada. Lokacin mangwaro, ta yi da wanda bai gama nuna ba, ta rage lemon tsamin.