Kowace Waya Kukan Gidansu Take Yi

Ɗana, ina fata karatu yana tafiya yadda ake so. Ƙaninka ya shaida mini cewa kana tara ɗan abin da kake samu a can Amurka don ka saya wa mahaifiyarka waya kafin azumi, ta riƙa ganin fuskarka idan kuna magana. Na ji daɗin wannan niyya ƙwarai, Allah Ya yi maka albarka. Amma kafin ka shiga kanti ka ƙirga kuɗinka, ka ba ni aron hankalinka, don akwai abin da na gani da idona, ba na so ya maimaita kansa a gidanmu.

Bara waccan ɗan wani maƙwabcinmu ya aiko wa tsohuwarsa waya daga ƙasar da kake. Ina zaune a zaure aka kawo kwalin, har da ledarsa ba a ɓare ba. Yara suka kewaye, tsohuwa tana ta sa albarka, aka zare layinta daga 'yar ƙaramar wayarta mai tocila aka saka a sabuwa. Ta kama sabis, kira yana shiga, kowa ya yi murna. Da dare ya yi ɗan ya kira ta bidiyo, sai hoto ya tsaya cak, murya tana yankewa, daga baya ma ya katse gaba ɗaya. A saman fuskar wayar, inda ta jikanta take nuna 4G, tata harafin E kawai take nunawa. Aka sake loda data, aka canja layi, aka fita tsakar gida, aka kai ta gindin darbejiyar ƙofar gida tana ɗaga hannu sama. Duk a banza. Daga ƙarshe aka kai wa wani mai gyara a kasuwar Farm Center a Kano. Bai ko kwance ta ba. Lambar ƙirarta kawai ya duba, ya miƙo ta ya ce, "Baba, lafiyarta ƙalau. Ba don ƙarfen sabis ɗinmu aka ƙera ta ba." Har yau wayar tana cikin adakar tsohuwar, naɗe da ɗankwali, ta koma wa mai tocilarta.

Ni maganar mai gyaran nan ba ta yi mini wuyar fahimta ba, domin da rediyo muka tashi. A zamaninmu, idan kana son Rediyon Kaduna sai ka murɗa allura zuwa mita 49 a gajeren zango, ko ka neme ta a matsakaicin zango. Rediyon da aka ƙera ba ta da gajeren zango, ko girmanta ya kai akwatin lefe, ko ka sa mata sababbin batura, ba za ta taɓa kamo maka tashar da ke can ba. To waya ma rediyo ce, sai dai ita tana ji kuma tana mayar da magana. Ƙarfen sabis yana watsa saƙonsa a kan wani zango, wayar kuma dole ne a ce tun daga masana'anta an sa mata kunnen jin wannan zangon. Idan babu, babu. Ba manhaja ba ce da za a sauke, ba kuma saiti ba ne da yaro zai latsa ya gyara.

Za ka ce me ya hana duniya ta haɗu a kan zango ɗaya? Dalilin ya girmi wayar hannu. Akwai hukumar sadarwa ta duniya, ITU, mai mazauni a Jeniba, wadda asalinta ya koma 1865, zamanin wayar tangaraho. Ita ta raba duniya yanki uku wajen rabon zangunan iska. Afirka da Turai da ƙasashen Larabawa suna yanki na ɗaya, nahiyar Amurka ita ce yanki na biyu, yawancin Asiya da Ostireliya suna na uku. Kafin wayar hannu ta zo, kowace ƙasa ta riga ta raba iskarta tsakanin sojoji da talabijin da jiragen sama, don haka inda aka samu fili nan aka kafa ta. Mu da Turai muka samu megahaz 900 da 1800, Amurka da Kanada suka tsaya a 850 da 1900. Lokacin da hukumar NCC ta yi gwanjon lasisi a Janairun 2001, kamfanoni suka fara aiki a Agustan wannan shekara, tsarin Turai muka ɗauka. Shi ya sa tsofaffin wayoyin Landan suke shigowa su zauna daram, shi ya sa kuma 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram suke zuwa Kano su sayi waya su koma da ita ba tare da fargaba ba. Kana yaro lokacin Starcomms da Visafone da Multi-Links, wataƙila ka tuna wayoyinsu ba sa karɓar layin sauran kamfanoni. Su wani tsari ne dabam mai suna CDMA, wanda ya fi ƙarfi a Amurka, kuma da kamfanonin suka shuɗe, wayoyin suka bi su.

Da 4G ta zo sai zangunan suka yawaita, har aka ba kowanne lamba. A jikin kwali ko a shafin kamfanin da ya ƙera wayar za ka ga an jera B1, B3, B7 da sauransu. Waɗanda suka fi shafar mu a Nijeriya su ne B3, wato megahaz 1800, da B7 mai 2600, da B20 mai 800, da B28 mai 700, sai B1 mai 2100 wanda 3G ɗinmu ta daɗe a kai. A inda kake kuwa, lambobin da ake ji su ne 2 da 4 da 12 da 13 da 66 da 71. Ka jera su gefe da gefe ka gani, babu inda suka haɗu. Manyan wayoyi masu tsada sukan zo da zanguna masu yawa na kowace nahiya, amma wayar araha da kamfanin sabis ya sa aka ƙera wa kwastomominsa na cikin gida, sau da yawa zangunan gidansu kaɗai aka sa mata. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Irin wannan ce ta zo hannun tsohuwar maƙwabcinmu: ta san tsohon zangon kira, shi ya sa take ringin, amma ba ta san hanyar da bidiyo yake bi ba.

A cikin lambobin nan akwai biyu da nake so ka riƙe da kyau, B20 da B28. Ƙa'idar ita ce, zango mai ƙaramar lambar megahaz yana tafiya nesa, yana ratsa bango, shi kuwa mai babbar lamba yana ɗaukar kaya da yawa amma ba ya nisa. Kamar kalangu da tambari ne: zaƙin kalangu na kusa ne ke sha, tambari kuwa daga bayan gari ake jin sa. Mutumin da ke Sabon Gari ko Zoo Road, inda ƙarfen sabis yake kusan kowace unguwa, zai iya rayuwa da B3 da B7. Mahaifiyarka kuwa tana ƙauye, ɗakinta na ƙasa ne mai kaurin bango, ƙarfen da ya fi kusa da ita yana can bakin titi. Abin da zai shigo mata har kan gado shi ne mai nisan zangon. Ko a nan gida an taɓa ganin irin wannan. Da Glo ta fara 4G a 2016 a kan megahaz 700, mutane da yawa sun tarar wayoyinsu masu 4G ba su da B28. Haka kuma wasu wayoyin da aka ƙera don kasuwar cikin ƙasar Sin ba su da B20, ga shi ba sa zuwa da manhajojin Google.

Maganar 5G kada ta ɗauke maka hankali. An yi gwanjonta a Disambar 2021, MTN ta fara a 2022, Airtel ta biyo baya a 2023, a kan megahaz 3500 da ake rubutawa n78. Zango ne na kusa, a manyan birane ya fi samuwa. Kuɗin da za ka ƙara dominta, gara ka sa shi a waya mai riƙe caji, don ka san halin wutarmu.

Ga abin da nake ba ka shawara. Da farko ka kira ƙanwarka ka tambaye ta layin da ya fi kamawa a cikin ɗakin Inna, ba a tsakar gida ba, ba a bakin kasuwa ba. Matambayi ba ya ɓata. Sannan kada sunan waya ya ruɗe ka. Waya biyu za su zo da suna ɗaya, launi ɗaya, amma cikinsu dabam, domin ɗaya ta Amurka ce ɗaya ta Turai ko Dubai. Lambar ƙirar ita ce shaida, tana jikin kwali, tana kuma cikin saiti. Da ita za ka nemi jerin zangunan, ka tabbata B3 da B7 da B20 da B28 suna ciki.

Bayan zango akwai kulle. Yawancin wayoyin da kamfanonin sabis na can suke bayarwa a biya kaɗan-kaɗan a kulle suke da layinsu, ba sa karɓar wani sai an gama biya an buɗe. Ka tabbata a buɗe take tun kafin ta hau jirgi. Idan ta hannu ce, ka latsa *#06#, lamba mai lambobi 15 za ta fito, ka bincika da ita ko an taɓa kai rahoton sata ko bashi a kanta. Kada ka aiko wa mahaifiyarka abin da ke da haƙƙin wani. Sai kuma gurbin layi. Tun daga iPhone 14 da ta fito a 2022, waɗanda ake sayarwa a Amurka ba su da inda ake saka sim ko kaɗan, sai layin da ake ɗorawa a ciki mai suna eSIM. Wasu kamfanoninmu suna bayar da shi, amma ka yi tunanin tsohuwa: ranar da caji ya ƙare ko wayar ta faɗa ruwa, ba za ta iya zare layinta ta mayar a ƙaramar waya ba kamar yadda ta saba.

Idan duk wannan ya yi maka yawa ga karatu a gabanka, akwai hanya mai sauƙi, kuma babu abin kunya a cikinta. Ka turo kuɗin, ƙaninka ya je Farm Center ko titin Beirut da layin Inna a aljihu, a saka a gwada a gabansa, ya kuma yi sharaɗi da mai shago cewa idan an kai ƙauye ba ta kama ba zai dawo da ita. Wayoyin da aka ƙera don kasuwarmu sun san iskarmu, yawancinsu layi biyu suke ɗauka, kayan gyaransu kuma suna ko'ina. Albarkar da za ta sa maka ba za ta ragu ba don kwalin bai tsallako teku ba.

Ka kuma sani abin yana da gaba yana da baya. Ranar da wani daga gida zai zo wajenka, kada ya ɗauka wayarsa za ta yi aiki don tana yi a nan. Manyan kamfanonin Amurka sun kashe 3G a 2022, Ostireliya ma ta kashe tata a 2024, don haka wayar da ba ta iya kira ta kan 4G sai ta zama kurma a can. A Turkiyya kuwa, inda yaranmu da yawa suke karatu da fatauci, wayar da aka shigo da ita daga waje kwana 120 take aiki da layin ƙasar, daga nan a rufe ta sai an yi mata rajista an biya kuɗi. Alhazai su ne suka huta, domin Saudiyya yankinmu ɗaya, wayar da ta yi aiki a Katsina galibi za ta yi a Makka da Madina.

Wannan maganar na faɗa wa ɗan'uwanka mai shagon waya, ina so kai ma ka ji. Na ce masa idan ya san waya ba ta da zangon da mai saye yake buƙata, ya faɗa masa tun kuɗi bai shiga hannunsa ba. Mutumin ƙauye da ya sayar da buhun gero ya zo sayen waya bai san B20 ba, amana ya kawo. Ɓoye aibin kaya ha'inci ne ko da aibin ba ya ganuwa da ido, kuma ribar da aka ci ta haka ba ta da albarka.

Ɗana, kyauta takan nuna iya sanin da mai bayarwa ya yi wa wanda zai karɓa. Kai ka san ɗakin nan, a cikinsa aka haife ka. Ka san kaurin bangonsa, ka san inda take shimfiɗa dardumarta, ka san ƙafarta ba ta son tsayuwa tun ciwon da ta yi. Ka zaɓa mata wayar da za ta same ta a zaune a wurin, bayan sallar isha'i, ta ɗaga ta ga fuskarka sarai, ta tambaye ka ko ka ci abinci, ba tare da an riƙo hannunta an fitar da ita gindin bishiya cikin sanyi ba.

Allah Ya ba ka ilimi mai amfani, Ya dawo mana da kai lafiya. Idan ka samo lambar ƙirar, ka turo wa ƙaninka mu duba tare kafin ka biya.

Naka,
Baffanka.