Littafin Leƙen Asiri a Cikin Aji

Wani malamin sakandare daga Katsina ya aiko da wasiƙa yana tambaya, shin ya dace a karantar da ɗalibai littafin leƙen asiri irin Stormbreaker?

Malam, Allah ya ƙara basira. Littafin nan, wanda Anthony Horowitz ya wallafa a Ingila a 2000, hikaya ce ta Alex Rider, maraya ɗan shekara 14 da hukumar leƙen asiri ta tilasta wa aiki bayan rasuwar baffansa. Kuma tun da babobinsa sukan ƙare ana cikin ɗoki, lalle akwai fa'ida ga ɗalibin da karatu ke gundura. Amma, Malam, riƙa dakatawa a ƙarshen babi, ka sa su muhawara: shin adalci ne manya su jefa maraya cikin hatsari?