Yadda Ƙaramin Kayan Aiki Ya Ke Ƙaura Daga Kwamfuta Zuwa Kwamfuta

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa cikinmu za mu fita mu koyar da ilmin kwamfuta, saboda haka ina so mu dubi wata tambaya wadda yaro mai basira ba zai rasa yi mana ba. Akwai wani ɗan shiri mai suna cat, aikinsa kurum ya buɗe fayil ya nuna abin da ke ciki. Tun 1971 ya ke cikin tsarin Unix. Irin wannan shiri a kan rubuta shi sau ɗaya da harshen C, sa'an nan a gina shi bisa injuna iri iri waɗanda ba su jin maganar juna. To, ƙaƙa haka ta ke yiwuwa?

Amsar ita ce, shirin ba ya tafiya shi kaɗai, yana dogara ga abu biyu. Na fari shi ne wanda ke juya rubutun C zuwa harshen inji, mu kira shi tafinta. Na biyu shi ne cibiyar tsarin, watau sashen nan da ke riƙe da faifai da allo da agogo, wanda ba mai taɓa su sai da izninsa.

Da farko ba a san da ƙaura ba. Sa'ad da Ken Thompson ya fara Unix a Bell Labs ta Amurka cikin 1969, da harshen inji guda ya rubuta shi, PDP-7. Sai a 1973 shi da Dennis Ritchie suka sāke rubuta cibiyar da C, daga nan hanya ta buɗe. Wajen 1977 zuwa 1978 Ritchie da Stephen Johnson suka ɗauke Unix suka kai shi kan wani inji dabam, Interdata 8/32.

Mu fara da tafinta. Kowa ya san mudu sunansa ɗaya, amma na wannan kasuwa ba lalle ya yi daidai da na waccan ba. Haka ma'aunin lamba ya ke a C. Ma'aunin da a ke kira int, a injin PDP-11 gurbi 16 gare shi, ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. A injin VAX kuwa gurbi 32 ne. Har yau abin bai ƙare ba: ma'aunin long gurbi 64 ne a Linux na injuna masu gurbi 64, amma a Windows, bisa wannan injin dai, 32 ne. Ƙa'idar C da aka tsayar a Amurka cikin 1989 ba ta yanke girman mudun ba, ta dai ce kada ya gaza kaza. Wanda ya rubuta shiri yana tsammani mudun garinsu shi ne na duniya, ran da aka kai shirin wani inji sai lissafi ya zube, tafinta kuwa ba laifinsa. Sai a ƙa'idar 1999 aka kawo ma'aunai masu faɗin girmansu cikin sunansu, kamar int32_t.

Yanzu sai cibiya. Talaka ba ya kutsawa gaban sarki ya kama magana, akwai wanda ke yi masa iso. Kadan shiri yana so ya rubuta wani abu, sai ya kira cibiya, kowane kira kuwa da lambarsa. A Linux kiran rubutu lamba 4 ne bisa injin Intel mai gurbi 32, lamba 1 bisa mai gurbi 64, bisa injin ARM mai gurbi 64 kuwa lamba 64. Kun ga ashe wanda ya haddace lamba ya ɗaure kansa ga inji ɗaya. Saboda haka mai hankali ya kan rubuta sunan kiran kawai, write, sai rumbun ayyukan C da ke zuwa tare da tsarin ya yi masa iso da lambar da ta dace. Sunayen nan da ma'anarsu su ne aka tattara cikin ƙa'idar POSIX a 1988.

Akwai masu ƙetare mai iso. A Linux abin ya kan yi sauƙi, gama Linus Torvalds ya tsare cewa ba a sauya kiran da shirye-shirye suka riga suka dogara gare shi. Apple kuwa ba ta yi wannan alkawari ba. Masu harshen Go sun kasance suna kiran cibiyar macOS kai tsaye. A 2016 aka sauya yadda a ke tambayar lokaci, sai shirye-shiryensu suka rikice, kafin 2019 ta ƙare sun koma bin rumbun Apple.

Amma abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne inda biyun nan suka haɗu. POSIX bai rufe kome da kome ba, kowane tsari yana da nasa ƙari. Don haka a 1991 David MacKenzie ya fara wani shiri, Autoconf, mai dabara irin ta makaho da sanda. Kafin a gina kayan aiki, sai a rubuta 'yan shirye-shiryen gwaji a miƙa wa tafinta ɗaya ɗaya. In ya karɓa, a ce injin yana da abu kaza. In ya ƙi, a ce babu, a bi wata hanya.

To, ga inda gizo ke saƙa. Tsohon C ya yarda mutum ya kira aiki ba tare da ya fara bayyana shi ba. Ƙa'idar 1999 ta soke wannan, amma tafintoci suka yi ta kau da kai shekara ashirin da 'yan kai, gargaɗi kurum su ke yi. Clang na 16 ya daina karɓa a 2023, GCC na 14 ya bi shi a 2024. Da yawa cikin 'yan gwaje-gwajen nan kuwa da tsohon salon aka rubuta su. Tafinta ya ƙi su domin nahawunsu, gwajin ya ɗauka cibiya ce ba ta da abin. Kayan aikin ya ginu lafiya lau, ba wanda ya ji ƙara, sai dai an zubar da wani sashe nasa a hanya. A ganina wannan ya fi ƙin ginuwa muni, gama abin da ya ƙi ginuwa nan take a ke ganinsa. Masu kula da Fedora da Gentoo sai da suka bi dubban shirye-shirye suna gwada amsar tsohon tafinta da ta sabo.

Ga aikin da za ku iya ba 'yan aji. Su rubuta shiri na layi biyar ko shida mai nuna girman int da na long, ta hanyar sizeof, wanda ke ƙirga gurbi takwas takwas. Su gina shi a Linux, su kuma gina shi a Windows, duka masu gurbi 64. Na farko zai nuna 4 da 8, na biyu 4 da 4. Kada ku gaya musu dalili sai kowa ya rubuta nasa a littafi.